Kyautar soja ɗaya: gambit dabara ce ko caca?

Kusan kowane kulob ɗin wasan ces na makaranta yana da irin wannan yaro. Ya kwashe hutunsa yana kallon bidiyon ces a wayar yayansa, ya dawo makaranta da sabon makami. Kuna zama, kafin ka gyara kujera ya turo maka soja ɗaya a banza. Ka duba hagu, ka duba dama, ba ka ga komai ba, ka cinye. Bayan taku bakwai ko takwas sai ka ji 'yan kallo sun fara dariya ƙasa-ƙasa. Ka dubi allo, sarkinka ba shi da gidan da zai sa ƙafa. Wasan da ka ɗauka zai kai ku ƙarshen tara ya ƙare tun masu sayen ƙosai ba su dawo ba.

Irin wannan yaro yakan yi zango guda yana shan sharafinsa a makaranta. Sai ranar gasar makarantu ta zo, a haɗa shi da wata yarinya wadda ta taɓa ganin tarkon nan. Ta ci sojan, ta ƙi taka inda yake so ta taka, ta fito da mayaƙanta cikin natsuwa. Kafin taku na goma sha biyar ya rasa abin yi, domin haddarsa ta ƙare, kuma bidiyon bai koya masa abin da ake yi idan mutum ya ƙi faɗawa rami ba.

Daga nan gardama take tashi. Wasu malaman da ke kula da kulob suna hana ɗalibansu irin wannan buɗin wasa gaba ɗaya, suna cewa caca ce. Wasu kuma suna ganin babu abin da ke koya wa matashi kai hari kamarsa. Mun ga ya dace mu baje maganar a faifai, tunda lokacinku na atisaye kaɗan ne. Tsakanin darasi da aikin gida da shirin jarrabawa, 'yan awannin da suka rage wa ces bai kamata a zuba su inda ba za su haifar da ɗa mai ido ba.

Ciniki ne, ba kyauta ba

Sunan wannan dabara gambit. Kalmar ta samo asali daga Italiyanci, inda take nufin sa wa mutum ƙafa a kokawa don ya faɗi. Duk wanda ya taɓa kallon kokawar gargajiya ya san taɗiya, to ita ce. Wani limamin coci ɗan Sifaniya mai suna Ruy López ya yi amfani da kalmar a littafinsa na ces tun a 1561. A kan allo, gambit shi ne ka ba da wani abu da gangan tun farkon wasa, galibi soja ɗaya, don ka samu abin da ba a ƙirga shi da yatsa: saurin fito da mayaƙa, mallakar tsakiyar allo, ko buɗaɗɗiyar hanya zuwa ga sarkin abokin karawa.

Ga sababbin shiga, bari mu tuna muku lissafin da aka saba. Soja maki 1 ne, doki 3, bishop 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Gidajen allo kuma kowanne da sunansa: layukan tsaye daga a zuwa h, na kwance daga 1 zuwa 8, ana farawa daga ɓangaren mai farare. Za mu kira mai farare Fari, mai baƙaƙe Baƙi. In da hali ku ɗauko allo ku ajiye kusa, domin za a buƙace shi.

Tsofaffin malaman ces suna da wani ƙiyasi, cewa soja ɗaya yana daidai da kimanin taku uku na fito da mayaƙa. Wato idan ka ba da soja, ka samu rigayen taku uku, ba a cuce ka ba. Sai dai kayan cinikin nan biyu ba halinsu ɗaya ba. Sojan da aka ci kamar dutse ne, yana nan a aljihun wanda ya ci har ƙarshen wasa. Rigayen lokaci kuwa ƙanƙara ce a tafin hannu cikin zafin bazara. In ba ka yi amfani da ita nan take ba, za ta narke, ka tashi ba soja ba hari.

Saboda haka tambayar da muke so kowane ɗalibi ya riƙa yi wa duk gambit ɗin da aka nuna masa ita ce: idan abokin karawata ya yi taku mafi kyau, me zai rage a hannuna? Amsar wannan tambaya ce take raba gambit gida biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi yadda bidiyo ke nunawa.

Waɗanda suka dogara ga kuskuren wani

Ku jera allo mu ga ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawo a intanet, Gambit ɗin Englund. Fari ya tura soja d4, Baƙi ya tura nasa e5. Fari ya ci. Baƙi ya fito da doki c6, Fari ya fito da nasa f3. Sarauniyar Baƙi ta je e7, bishop ɗin Fari ya je f4 don kare sojan da ya yi ciyayya. Sai sarauniya ta tsallaka b4 ta yi wa sarki barazana. Bishop ya dawo d2 ya tare, sarauniya ta ci sojan b2, tana hararar hasumiyar a1.

Nan ne ramin yake. Abin da ido ke fara gani shi ne a tura bishop c3 a kori sarauniya. Idan Fari ya yi haka, Baƙi sai ya kawo bishop ɗinsa b4, ya ɗaure na Fari a gaban sarkinsa. Fari ya kawo sarauniya d2 don taimako, Baƙi ya ci bishop ɗin c3, sarauniyar Fari ta rama, sai sarauniyar Baƙi ta sauka c1. An ƙure sarki a taku na takwas.

Abin burgewa ne, ba mu musa ba. To amma ku mayar da allo zuwa taku na shida, maimakon bishop ku sa doki a c3. Yanzu sarauniyar Fari tana kare hasumiyar a1. Fari yana da mayaƙa uku a waje, Baƙi yana da doki ɗaya da sarauniyar da ta yi tafiya uku ta maƙale a cikin gidan mutane. Hasumiya za ta zo b1 ta kore ta, doki ya haura d5 yana neman c7. Baƙi ya maido da sojansa, gaskiya ne, amma duk sauran wasan kare kai zai yi. Taku ɗaya tak ya rushe ginin, kuma taku ne da mutum zai koya cikin minti biyu bai sake mantawa ba.

Haka labarin Gambit ɗin Stafford yake, wanda wani gwanin ces ɗan Amurka, Eric Rosen, ya yayata a YouTube. Cike yake da tarkuna masu daɗin kallo, har da wanda Baƙi ke barin a ci sarauniyarsa ya ƙure sarki da bishop biyu da doki a taku na takwas. Amma Farin da ya san ya ajiye bishop a e2, ya tura soja c3 sannan d4, zai toshe hanyoyin harin ya zauna da ribar soja da tsakiyar allo. Manhajojin ces irin su Stockfish, wadda kowa zai iya amfani da ita kyauta a dandalin Lichess, suna nuna Fari ne ke gaba sosai tun daga farkon wannan buɗi.

Illar irin waɗannan ba rashin nasara ba ce, domin a matakin farko suna cin wasa, har da yawa. Illarsu ita ce nasarar ba ta koya maka komai. Ka ci wasa hamsin da tarko ɗaya, abin da ka sani a wasa na hamsin shi ne abin da ka sani a na farko. Wanda ka yi wa tarkon shi ya ƙaru, domin ya koyi wani abu.

Wanda ke biyan kuɗinsa

Yanzu ku sake jera allo. Sojoji e4 da e5, dawakai f3 da c6, bishop c4 da c5. Duk ɗan kulob ya san wannan tsari. A taku na huɗu sai Fari ya tura soja b4, kai tsaye bakin bishop ɗin Baƙi. Wannan shi ne Gambit ɗin Evans, wanda wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan yankin Wales na Birtaniya, William Davies Evans, ya ƙirƙiro cikin shekarun 1820.

Bishop ya ci sojan. Fari ya tura c3, dole bishop ya sake motsawa. Fari ya tura d4. Ku dubi abin da ya faru: Baƙi ya ɓata taku biyu da mayaƙi ɗaya, Fari ya kafa sojoji biyu a tsakiya, sarauniyarsa ta samu hanyar b3, bishop ɗinsa na c1 ya samu hanyar a3, kuma dukansu gidan f7 da kewayen sarkin Baƙi suke nufa. Babu wani rami guda da ake jiran Baƙi ya faɗa. Ko ya yi komai daidai, Fari yana da abin da ya saya da sojansa, kuma dole ya yi tunani da kansa don ya ci moriyarsa.

An yi shekaru da dama wannan buɗi yana tashe, har Emanuel Lasker, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1894 zuwa 1921, ya nuna maganin da ya rage masa kaifi. Maganin ba wani abin mamaki ba ne: Baƙi ya daina ƙoƙarin riƙe sojan, ya mayar da shi a lokacin da ya dace, a yi musayar mayaƙa, wuta ta lafa. Daga nan manyan gwanaye suka yi ta ja da baya daga gare shi. Amma a 1995, a birnin Riga na ƙasar Latbiya, Garry Kasparov ya zaro shi daga ajiya ya doke Viswanathan Anand na Indiya da shi a taku 25, 'yan watanni kafin su kara a gasar kambun duniya. Buɗin da zakaran duniya zai iya dogara da shi a gaban Anand, ba ɗan aji biyar ne zai ce masa ba shi da tushe ba.

Me ya sa mataki yake canja hukunci

Soja ɗaya ba darajarsa ɗaya a hannun kowa ba. Wannan ita ce gaskiyar da masu gardama a ɓangarorin biyu suke yawan tsallakewa.

A tsakanin waɗanda suka fara wasa bara ko bana, ba a cin wasa saboda soja ɗaya. Ana cinsa ne saboda wani ya bar doki ba mai kariya, ko bai ga sarauniyarsa tana bakin bishop ba. Ku tuna wasanninku goma na baya, ku ƙirga nawa ne a ciki ribar soja ɗaya ta yanke hukunci. Mayar da ribar soja ta zama nasara ilimi ne mai zaman kansa. Ko da allo ya rage daga sarki da soja sai sarki shi kaɗai, ba kullum ake ci ba. Idan sojan na layin gefe ne, a ko h, kuma sarkin da ke kare kai ya riga ya isa lungun da sojan zai sauka, kunnen doki za a yi. A sauran layukan ma, taku ɗaya na kuskure da sarki yana mayar da nasara canjaras. Wanda bai san waɗannan ba, ko ka ba shi soja kyauta bai san inda zai kai shi ba. Shi ya sa a wannan mataki farashin gambit yake da araha ƙwarai.

Sai dai akwai wata matsala ta daban. Sabon ɗan wasa yakan ba da soja, sannan ya manta dalilin bayarwar. Ya motsa doki ɗaya sau uku, ya tura sojan gefe, ya bar sarkinsa a tsakiya. Ƙanƙarar ta narke bai sha ba. Don haka ga wanda bai riga ya saba da fito da dukan mayaƙansa da kai sarki mafaka ba, shawararmu ya dakata tukuna, ya fara koyon tafiya kafin taɗiya.

Matakin da gambit ya fi amfani shi ne na tsakiya, inda yawancin 'yan kulob masu zuwa gasa suke. Kun daina zubar da mayaƙa a banza, kun san cokali mai yatsu na doki da ɗaure mayaƙi a gaban sarki, amma kare kai a ƙarƙashin matsi yana ba ku wuya. Haka yake ba abokan karawarku wuya. Kai hari ya fi kare kai sauƙi ga ɗan Adam: mai hari in ya yi kuskure yakan rasa harinsa ne, mai kare kai in ya yi kuskure yakan rasa sarkinsa. A nan buɗi irin na Evans makaranta ce. Yana tilasta maka ka san darajar kowane taku, ka lissafa in na yi kaza zai yi kaza, ka ji a jikinka lokacin da hari ya nuna da lokacin da bai nuna ba.

Da aka haura sama kuwa, lissafi sai ya juya. Hukumar ces ta duniya, FIDE, galibi ba ta ba mutum lambar babban gwani, wato girandmasta, sai ya kai maki 2500 a ma'aunin Elo, kuma Magnus Carlsen na Norway ya taɓa kai 2882 a 2014. Waɗannan mutane in ka ba su soja ba tare da cikakken dalili ba, za su karɓa, su kare kansu, su yi ta musayar mayaƙa, su cinye ka a taku na sittin ba tare da gumi ba. Ken Smith, Ba'amurken da sunansa ke jikin Gambit ɗin Smith-Morra, ya ɗanɗana wannan a gasar San Antonio ta 1972. Sau uku ya buga gambit ɗin nasa a gaban ƙwararru, Donald Byrne da Larry Evans da Henrique Mecking, sau ukun kuma ya sha kaye. Buɗin nan dai har gobe yana cin mutane a kulob-kulob, kuma a 2011 Marc Esserman ya doke girandmasta Loek van Wely da shi. Makami ɗaya ne, hannun da ya riƙe shi da wuyan da aka nufa su ne suka bambanta.

Agogo ma yana da bakin magana. A wasan gaggawa na minti uku, wanda aka yi wa ba-zata ba shi da lokacin neman taku mafi kyau, don haka ko gambit maras tushe yana aiki. A wasan da kowa ke da awa guda ko fiye, mutum zai zauna ya dafe kai ya gano maganin. Kada nasarar da kuke samu a waya da daddare ta ruɗe ku game da abin da zai faru a zauren gasa.

Gambit ɗin Sarki, wanda ya ƙi mutuwa

Babu buɗin da aka fi yin wannan gardama a kansa kamar Gambit ɗin Sarki: e4, e5, sai Fari ya tura soja f4. Yana neman kawar da sojan Baƙi daga tsakiya ya buɗe wa hasumiya layin f, amma yana yaye wa sarkinsa mayafi tun a taku na biyu. Da shi aka buga wasan da ya fi kowanne suna a tarihin ces, a Landan a 1851, tsakanin Adolf Anderssen da Lionel Kieseritzky. Anderssen ya ba da bishop, ya ba da hasumiya biyu, ya ba da sarauniya, sannan ya ƙure sarki da dawakai biyu da bishop ɗaya a taku na 23. Masu nazari daga baya sun gano kurakurai a ɓangarorin biyu. A zamanin nan ƙwararren mai kare kai ba zai yi ta haɗiye duk abin da aka miƙo masa ba alhali mayaƙansa suna barci a gida.

A 1960, a Mar del Plata ta ƙasar Ajantina, Boris Spassky ya doke Bobby Fischer da wannan buɗi. Fischer yana da shekara 17 a lokacin, kuma abin ya yi masa zafi. A shekarar da ta biyo ya wallafa maƙala yana cewa ya gano maganin Gambit ɗin Sarki, wato Baƙi ya ci sojan sannan ya tura d6 a taku na uku. Abin dariyar shi ne, a gasar zakarun Amurka ta 1963 zuwa 1964, wadda ya cinye dukan wasanninta 11, shi da kansa ya buga wani reshe na Gambit ɗin Sarki ya doke Larry Evans. A yau da wuya ka gan shi a manyan gasanni masu dogon lokaci, domin da taimakon kwamfuta Baƙi ya san hanyoyi da yawa na samun daidaito ko fiye. A matakinku kuwa yana nan da haƙoransa, sai dai mu gargaɗe ku cewa yana cizon mai shi kamar yadda yake cizon baƙo.

Kada wannan ya sa ku ɗauka manya sun daina ba da soja. A 1918 a birnin Niyok, Frank Marshall, yana riƙe da baƙaƙe, ya ba José Raúl Capablanca soja a buɗin Ruy López ya afka wa sarkinsa. Capablanca ya kare kansa taku bayan taku ya ci wasan. Da a ce wasa ɗaya ne ke yanke wa gambit hukunci, da an binne wannan tun ranar. Amma aka yi ta gyara shi, har Harin Marshall ya zama ɗaya daga cikin buɗin da aka fi amincewa da su a duniya, ta yadda manyan gwanaye masu farare sukan kauce masa tun kafin a kai wurin. A gasar kambun duniya ta 2004 a Brissago ta ƙasar Suwizalan, Vladimir Kramnik ya yarda ya shiga cikinsa a wasa na takwas, yana buga abin da aka shirya masa a gida da kwamfuta, cikin sauri. Peter Leko na Hangari ya zauna yana ta tunani har lokacinsa ya kusa ƙarewa, ya gano ɓarakar da shirin gidan bai hango ba, ya ci wasan. Wanda ya haddace ya faɗi a hannun wanda ya yi lissafi, kuma a kan kujerar zakaran duniya.

Ko na'ura ma ba ta ƙi ba da soja ba. A watan Disamba na 2017 kamfanin DeepMind ya bayyana manhajarsa AlphaZero, wadda ta kara da Stockfish na lokacin wasa 100, ta ci 28, aka yi canjaras 72, ba ta faɗi ko ɗaya ba. Abin da ya fi ba gwanaye mamaki a wasannin shi ne yadda take sakin soja, wani lokaci fiye da ɗaya, don kawai mayaƙanta su samu sarari na abokin karawa su rasa.

Akwai kuma na kusa da gida. Tanitoluwa Adewumi, yaron da iyayensa suka bar Najeriya zuwa Amurka a 2017, ya ci gasar jihar Niyok ta rukunin ƙananan 'yan firamare a 2019 yana da shekara takwas, lokacin suna zaune a gidan marasa matsuguni. A ɗaya daga cikin wasannin ya ba da bishop a kan soja, hankalin masu horar da shi ya tashi, suka sa takun a kwamfuta, ta nuna yaron ne ke da gaskiya. Wannan ba gambit ɗin buɗin wasa ba ne, a tsakiyar wasa ya faru, amma irin idon da ya hango shi ne muke so ku samu, kuma ba a samunsa ta hanyar haddace tarko.

Idan kai aka miƙo wa

Rabin wasanninku ku ne za a yi wa tayin, don haka ga abin da muka ga yana aiki. Soja na farko galibi ana iya ci. Na biyu kuwa a yi tunani sau biyu, musamman idan sarauniya ce za ta fita cinsa. Bayan ka ci, kada ka sake neman wani abu sai fito da mayaƙa da kai sarki mafaka. Kuma ka riƙe darasin Lasker: sojan da ka ci kuɗin fansa ne a aljihunka, in wuta ta yi zafi ka mayar da shi ka sayi zaman lafiya. A Gambit ɗin Denmak, inda Fari ke ba da sojoji har biyu don bishop ɗinsa biyu su zura wa sarkin Baƙi ido daga c4 da b2, sananniyar amsa ita ce Baƙi ya tura soja d5 nan take, ya mayar da ɗaya, ya buɗe wa mayaƙansa ƙofa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, kuma a kan allo wahalar ba ta jira.

Ga kulob ɗin da ke son gwadawa, ku ware mako biyu ga Gambit ɗin Evans kaɗai. Kowa ya samu abokin da ƙarfinsu ya zo ɗaya, ku buga wasa goma daga taku na huɗu, biyar kana Fari biyar kana Baƙi. Ku rubuta takunku a takarda. Bayan kowane wasa ku koma baya tare ku nemo inda harin ya mutu ko inda kariyar ta karye, kafin ku tambayi waya ra'ayinta. Tarkunan Englund da Stafford kuma ku koye su, amma daga ɓangaren wanda ake haƙa wa ramin.

Mun bar Gambit ɗin Sarauniya zuwa ƙarshe da gangan, wanda da yawanku suka san sunansa daga fim ɗin Netflix na 2020. Sojoji d4 da d5, sai Fari ya tura c4. Suna ne kawai na gambit, domin Fari yana iya maido da sojansa ba tare da wahala ba, kuma buɗi ne mai tushe har a ƙololuwa: a karawar kambun duniya ta 1927 tsakanin Capablanca da Alexander Alekhine, 32 daga cikin wasanni 34 da shi aka buɗe su. Amma yana hukunta mai rowa, kuma daga nan muka ɗauko muku aikin gida na wannan mako.

Ku jera allo. Fari d4, Baƙi d5. Fari c4, Baƙi ya ci. Fari e3, Baƙi ya tura b5 don ya riƙe ribarsa. Fari a4, Baƙi c6. Fari ya ci sojan b5 da sojan a, Baƙi ya rama da sojan c. Yanzu Fari ne da taku, kuma akwai taku ɗaya da zai sa Baƙi ya yi asarar babban mayaƙi ko ya so ko ya ƙi. Ku dubi gidajen da sojojin Baƙi suka bari a buɗe tsakanin tsakiyar allo da lungun a8. Wanda ya gano ya rubuto mana da sunan makarantarsa da ajinsa, amsa tana tafe a fitowa ta gaba.